Ciwon da Inna Ta Ɓoye

Haƙoran gabana ba su gama fitowa ba Inna ta haifi ƙanena Ɗanjuma. A Matameye muke, can gefen gari wajen fadama, shekaru kaɗan kafin Nasara su shigo Damagaram. An riga an yanke gero, ayarin raƙuma masu kanwa suna sauka ƙarƙashin gawo kafin su wuce Kano. Amma abin da na fi tunawa a shekarar shi ne wutar ruwan jego.

Kakata ta wajen uba, Iya Tabawa, ungozoma ce. Rabin unguwarmu ita ta yanke musu cibiya. Mahaifiyar Inna ta rasu a Dawce tun ba a haife ni ba, don haka babu gidan da za a kai ta wanka, Iya ce ta ɗauki jegon. Safe da yamma tana ɗora ƙatuwar tukunya, ta zuba ganyen tsamiya da na runhu, in ya tafasa a shiga da shi bayan zana. In rana ta faɗi aka ci tuwo, garwashin yana nan jawur, sai mu yaran gida mu kewaye shi. Ƙamshin dafaffen ganye bai gama barin tsakar gida ba, hayaƙi yana tashi siriri ya ɓace a sama, Iya tana kaɗi, zare yana fita daga yatsunta kamar ba shi da ƙarshe. Har yau ban iya rabe abin da na gani da ido a bakin wutar nan da abin da na gani cikin gyangyaɗi.

Haihuwa takan kawar da kunya na ƴan kwanaki, amma bayan suna sai ta dawo. A zamaninmu mace ba ta haɗa ido da uwar mijinta. Inna ta ce ta ji ƙarfi, za ta riƙa wanka da kanta. Daga nan ta fara rufe ƙirji da zane biyu. Kunun kanwa sai ta kurɓa ta ajiye. Ɗanjuma kuwa kuka ba dare ba rana. In Iya ta tsaya bakin ƙofa ta ce, “Uwar Lami, yaya jikin?” sai murya ta fito daga bayan asabari: “Lafiya lau, Iya.”

Wata yamma Iya ta ja tabarmarta daga inda ta saba zama, ta shimfiɗa dab da bangon ɗakin Inna. Ta ajiye mazari, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ɗauko tatsuniya.

“Ga ta nan tafe, ku gyara mata wuri.”

Muka ce, “Ta ƙaraso, kunnuwanmu a buɗe.”

Ta ce an yi wasu ƙawaye biyu, Dije da Hassu, waɗanda tun suna ƴan mata goro ɗaya suke rabawa. Wata safiya Dije ta jawo guga a rijiya, sai ta ga wani ɗan abu a ciki kamar ƙwallon magarya, da idanu biyu. Ya ce mata sanyi yake ji, ta ɓoye shi. Tausayi ya kama ta, ta sa shi cikin zane a ƙirjinta. Ta ce, “Me kake ci?” A nan Iya ta maƙe murya ta yi siririya. “Ba na cin tuwo, ba na shan fura. Duk wanda ya tambaye ki jiki, ki ce lafiya lau. Shi ne abincina.”

Maƙwabciya ta tambaya, Dije ta ce lafiya lau, baƙo ya kai goruba. Mijinta ya tambaya, ya kai duma. Tun tana tafiya a miƙe har ta koma a duƙe. Inuwarta ta yi ta kankancewa. Wata rana ta leƙa rijiya, ta ga sama, ta ga gajimare yana wucewa, ba ta ga fuskarta ba.

Sai Hassu ta zo yi mata kitso. Da Dije ta ɗora kai a cinyarta, ta ji shi zafi kamar dutse da tsakar rana. Ta tambaya, aka ce lafiya lau. Ta sake, aka sake. Sai ta zare hannu daga gashin, kitso rabi.

“Ni ba ƴar kasuwa ba ce da za ki sallama da wannan,” in ji Iya, da muryar Hassu, kuma ta ɗaga ta fiye da yadda yara biyar ke buƙata. “Ba zan ƙarasa ba, ba kuma zan tashi ba.”

Ta zauna har wata ya fito ya faɗi, har ciyawa ta tsiro a gefen ƙafarta, har tsuntsaye suka saba da ita. Daga ƙarshe Dije ta fashe da kuka, ta kwance zane ta ce, “Ga shi.” Ashe baƙon ba ya iya jure ido huɗu. Nan take ya motse ya koma ɗan mitsitsi, Hassu ta ɗauke shi da tsinke biyu ta jefa a wuta.

“Nan ta tsaya. Mai musu ya je ya tambayi kusu.”

Na ce, “Iya, babu tsohuwa a gidan ne? Ita ba ta gani ba?”

Ta kalli garwashi. “Akwai, Lami. Ta gani. Bakinta ne ya yi mata nauyi.”

Na ji ana jan hanci a cikin ɗaki. Na ɗauka jariri ne.

Gari na wayewa Iya ta aike ni gidan Gwaggo Hajjo, ƙawar Inna tun suna amare, mai sayar da daddawa, wadda ita ma ke goyon ƴar wata huɗu. “Ki ce ta zo ta yi wa uwarki kitso.” Gwaggo ta shiga ɗakin da hantsi, ba ta fito ba sai da inuwa ta karkata. Ta fito idonta ja, ta durƙusa gaban Iya tana magana ƙasa-ƙasa. Nonon Inna na hagu ya kumbura ya yi tauri, zazzaɓi yana cinta kwana da kwanaki. Ta ɓoye ne don tsoron a ce nononta ba shi da kyau a raba ta da ɗanta.

Iya ba ta yi faɗa ba. Ta gasa bakin kibiya a wutar nan tamu har ya yi ja, ta yi bisimilla ta shiga ta yi mata sakiya, Gwaggo Hajjo tana rungume da kan Inna. Ƙara ɗaya na ji. Bayan nan Inna ta yi kwanaki ba ta san wanda ke kanta ba. Gwaggo ta dawo gidanmu da kwana, ƴarta Kande a nono ɗaya, Ɗanjuma a ɗaya. Shi ya sa har suka tsufa yana ce mata Yaya. Inna ta tashi. Wancan ɓangaren ya ƙafe, ta shayar da sauran ƴaƴanta uku da guda, ta ga jikokinta.

Da Iya ta rasu ni na gaji askar cibiya, na gaji tatsuniyar. Shekara da shekaru ina faɗa wa yara ita, a zatona magana ce ga mara lafiya, cewa ya buɗe baki. Sai wata damina na je Kance wajen ƙawata Asabe, wadda muka yi lalle rana ɗaya da ita. Na ga wuyanta ya zurma, na ga yadda take dafa bango kafin ta miƙe. Na ce yaya jiki, ta yi murmushi ta ce lafiya lau. Hadari ya haɗo ta gabas, ina so in isa gida kafin ruwa. Na ce madalla, na karɓi tsarabar kuka da ta ƙulla mini, na kama hanya. Ba ta ga yankan gero ba.

A gidan makokinta na gane cewa Dije ba ta da abin koya mini. Kowace mace da na sani ta iya ɓoyewa, tun muna ƙanana ake yaba mana a kai. Aikin duk a wajen Hassu yake, wadda ta ji amsa mai daɗi ta ƙi karɓa.

Jikokina mata suna cewa na cika naci, suna dariya in sun hango ni da sandata. Su yi ta yi. Tun daga Asabe ban ƙara tambayar mace jikinta a tsaye ba. Sai na cire takalmi na zauna tukuna.