Zanen Bakin Inna

Inna ba ta taɓa son Nassarawa GRA ba. Bayan rasuwar Baba, Yaya ya ɗauko ta daga gidanmu na Tudun Wada ya kawo ta nasa gidan, ya ba ta ɗaki mai fanka da labule masu kauri, ita kuwa ta ce an kawo ta unguwar da ko akuya ba ta kuka. Itatuwan darbejiya da mangwaro sun lulluɓe gidan har ɗakinta ya zama kullum kamar magariba ta kusa. Duhun kaɗai ta yaba, don idanunta sun daina jure haske.

A shekarun ne na sayi wata 'yar kyamara, irin ƙananan nan da ake canja wa gilashin gaba amma suna shiga aljihun riga. Inna na ciwo, tana ramewa a hankali, kuma na lura ba mu da hotonta na kirki in ban da na fasfo ɗin Makka. Ina so in samu fuskarta yadda take tun tana nan, musamman siraran zanen da ke gefen bakinta, waɗanda wanzami ya yi mata tana jaririya a ƙauyensu na ƙasar Katsina. Cikinmu babu wanda aka yi wa, balle 'ya'yanmu.

Hotunan farko sun ba ni haushi. Idan haske ya yi ƙaranci, kyamara takan ƙara wata lamba da ake kira ISO don ta ga abin da ke gabanta, sai hoto ya fito da ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa masa tsaki. Ni kuma ba ni da haƙurin ganin ƙazanta a hoto. Na shiga saitin, na samu wurin da ake goge ɗigon, na kai shi ƙarshe. Hoto ya fito sumul, na kai mata ina washe baki.

Ta kawo shi daf da idonta, ta daɗe tana kallo.

"Wace ce wannan amaryar?" in ji ta. "Kai ɗan nan, ina ka kai mini zanena?"

Na karɓa na duba. Babu su. Kyamarar ta ɗauki zanen a matsayin datti, ta share su tare da ɗigon, ta bar wata mata mai santsin kumatu da ban taɓa sani ba. Raina ya ɓaci sosai, ita kuwa dariya take yi har tana tari.

Maganin abin haske ne, na sani. Na ce mu fita tsakar gida. Ta ce ba za ta zauna ba mayafi ga maigadi ga direba ba, kuma idan ta yafa mayafin, rabin fuskar ya tafi. Na ce to a ɗaga labule. Ta ce idonta. Na rage lambar, na sa kyamara ta daɗe kafin ta ƙifta don ta sha haske, na ɗora ta a hannun kujera saboda kada hannuna ya yi rawa. Komai ya fito tas, ɗankwalinta, kwanon furarta, har zaren da ya zare a zaninta, amma bakin ya fito dishi-dishi. Ashe Inna ba ta taɓa rufe baki gaba ɗaya. Carbi na hannunta, leɓɓanta na motsi, kuma daidai nan zanen suke.

"Inna, don Allah ki ɗan tsaya da zikirin, ƙiftawar ido kawai."

"In tsaya da ambaton Allah saboda akwatinka? Kai ka tsaya."

Na yi fushi na fita, na zagaya gidan har bakin ƙofa na dawo. Haka muka yi ta yi duk ƙarshen mako, ina zuwa daga Giginyu da kyamarata, tana tsokanata wai mai hoton da ya kasa hoton uwarsa. Yanzu da nake tunawa, babu lokacin da na zauna da ita sosai kamar wannan. A nan ta ba ni labarin rijiyar ƙauyensu, da yadda aka gane ta a filin Arfa saboda zanen nan, wata tsohuwa ta riƙe mata hannu ta faɗi sunan garinsu ba tare da an gaya mata ba.

Wata safiya da hantsi ta amince a ɗage labule faɗin tafin hannu, da sharaɗin ta juya wa tagar gefe. Hasken ya zo ta kumatunta a kwance, zanen suka taso kowanne da 'yar inuwarsa. Ban ƙara roƙonta ta yi shiru ba. Na sa kyamara ta ƙifta da sauri, na bar lambar ta hau yadda take so, na kashe mai gogewar nan gaba ɗaya. Hoton ya fito da tsakinsa, bango duk ɗigo. Ta duba, ta shafa gefen bakinta, ta ce, "Yauwa, ga ni nan."

Ba ta kai damina ta gaba ba.

Da Yaya zai faɗaɗa hoton ya rataye a falo, ya ce a kai a ɗan tsabtace shi tukuna. Na ce duk wanda ya taɓa ɗigo ɗaya ni da shi ne. Haka ya rataye shi da ɗigonsa.

Ina kewarta ƙwarai, musamman idan na shiga layin nan mai itatuwa. A hoton, ƙwayar carbi ɗaya ta tsaya tsakanin yatsunta, bakinta a ɗan buɗe, tana tsakiyar wata kalma. Nakan tsaya a gabansa in motsa nawa leɓɓan, in gwada Subhanallah, in gwada Astagfirullah, ko zan dace da wadda take faɗa.