Baba Wawulo Mai Ɗaura wa Haro Haƙora

Kafin masu shagunan layin su gama buɗe ƙofofinsu, shi ya riga ya rataye rigarsa a ƙusar bayan ƙyaure, ya share teburin ƙarfe da gefen hannu, ya jera haƙoran ranar ɗaya bayan ɗaya. Haro dai, ga wanda bai taɓa bin bayan tarakta ba, shi ne ƙarfen nan mai layi-layin haƙora da ake ja a gona yana farfasa hoge. A rumfar da ake ƙera shi, wani ke yanka, wani ke walda, wani ke fenti. Shi nasa aikin guda ne, ɗaura haƙora, na haro da na garmar kaftu. A kan wannan teburin ya shigo da baƙin gashi, a kansa kuma furfura ta cim masa.

In ka tsaya kana kallonsa sai ka ce wasa yake. Zai ɗauki haƙori ya juya shi, ya dube shi ta gefe kamar mai sayen akuya, sannan ya sa shi a gurbinsa, na layin baya ya faɗo daidai tsakanin biyun gaba don kada a bar ƙasa a tsakani. Amma ba nan hankalinsa ya fi tsayawa ba. A kan noti ne. Kowane noti sai ya goga masa magagari tukuna. In magagari ya ci, ya bar shaida, to wannan ya shiga. In ya zame yana ƙyalli, sai ya jefa shi cikin gwangwani ya ce, "Kai ka cika taurin kai, je ka nemi mota."

Noti mai taushi yake ɗaurawa, da gangan. Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne, ya faɗa har bakinsa ya gaji. Haƙori yana tafiya ne a cikin duhun ƙasa, bai san abin da ke gabansa ba. In ya ci karo da dutse ko kututture, dole wani abu ya ba da kai. In noti ya karye, haƙori ya faɗi, an tsaya an ɗauka an mayar. In noti ya ƙi karyewa, to sai sandar haron ta lanƙwashe, ko tarakta ta yi tsalle da mutumin da ke kanta. Saboda haka kowane haro da zai bar hannunsa, sai ya ƙulle wasu notuka a tsumma ya ɗaure a jikinsa da waya, don ranar buƙata.

To, jama'a, wannan ƙullin tsumman shi ya jawo masa. Manoma suka ce, "Kun gani ko? Tun ba a bar shago ba ya san abinsa zai karye." Haro ya dawo da giɓi, sai a ce aikin mutumin nan ne. Da haka suka laƙa masa Wawulo, sunan ya bi shi har gida, har matarsa in ta je kasuwa sai ta ji ana cewa a auna wa matar Wawulo da kyau kada kwanon ma ya yi giɓi. Ita kuwa ba ta barin ta kwana. Takan ce, "Eh, nawa mijin haƙoran ƙarfe yake zubarwa. Naki fa, ina nasa na baki suka tafi?"

Masu aiki tare da shi ba su manta ranar Ba-Birki ba. Wani direban tarakta ne, sunansa ya ishe ka bayani. Ya shigo rumfar da haƙori a hannu, gumi har cikin ido, ya buga shi a kan tebur.

"Baba, wai notin kanka ne ya kwance ko na haron? Ina tsakiyar gonar mutane, rana ta take, abu ya ce ƙaras!"

Baba ya ɗauki guntun notin ya duba inda ya karye. "Da gudu nawa kake tafiya?"

"Ina ruwanka da guduna? Kai ne mai taraktar?"

"A'a. Mu je ka nuna mini wurin."

Suka tafi, mai walda ya bi su don kallo. A inda haƙorin ya faɗi Baba ya karɓi fartanya ya tona, sai ga kututturen wata tsohuwar bishiya, faɗinsa ya kai turmi, kwance a ƙasa ba wanda ya san da shi. Ba-Birki ya tsaya yana kallon kututturen, ya kalli kujerar taraktarsa da ba ta da ko abin dafawa. Kun san me ya ce? Ya ce, "To ai da sai ka yi wa mutum bayani." Ya hau ya tafi. Kafin mako ya zagayo an gan shi a shagon kayan mota yana sayen noti mai tauri, wai ya gaji da tsaye-tsaye.

Kai ne wanda aikinka ba ya barin abin nunawa, Baba. Mai gina gida yana nuna gida, mai ɗinki yana nuna riga. Kai me za ka nuna? Ƙafar da ba ta karye ba? Matar da ba ta yi takaba ba? Ba a gode wa mutum a kan abin da bai faru ba, wannan kuwa kai ka fi kowa sani, domin duk ranar da aikinka ya ci, ranar ake zaginka.

Muddin tsohon mai rumfar na da rai, ba wanda ya isa ya taɓa gwangwanin Baba. Da ya rasu, ɗansa ya gaje shi. Kada in ɗauki alhakinsa, yaron ba mugu ba ne, ba kuma jahili ba ne. A gaban Baba ya girma. Sai dai a tsallaken titi an buɗe wata rumfa inda ake ɗaura haƙora da noti mai tauri, wani lokaci ma a bi da walda, kuma manoma suka yi ta kwarara can suna cewa ga haro na gaske, wanda ba ya zubar da haƙori.

Ran nan da hantsi yaron ya zo da kwalin notuka ya ajiye a kan teburin. Bai iya ɗaga ido ba.

"Baba, daga yau waɗannan za mu riƙa sawa."

Baba ya zaro ɗaya, ya goga masa magagari. Magagari ya zame.

"Ɗana, ka san abin da wannan yake yi."

"Na sani, Baba. Wallahi na sani. Mahaifina ya faɗa mini, kai ma ka faɗa mini tun ina tsayawa a kan bulo in leƙa teburin nan. Amma dubi rumfar nan. Dubi bakunan da ke ci a cikinta. Kiɗa ya canza."

"Dutsen da ke cikin ƙasa an gaya masa kiɗa ya canza?"

Yaron ya ce, "To ka koma wajen fenti. Ba na so ka tafi. Wani ya ɗaura, kai ba ruwanka."

"In shafa masa ja ya yi kyau, a ɗauka a kai wa ɗan wani ya hau gabansa? A'a, ɗana. Hannun nan ya tsufa da koyon sabon abu."

Bai ɗaga murya ba, bai yi wa kowa baki ba. Ya gama haron da ke gabansa da nasa notin, ya goge sifanarsa, domin tasa ce tun ta samartaka, ya sa a aljihu, ya sauke rigarsa daga ƙusa. Mai walda ya ɗaga gilashin fuskarsa ya ce, "Wawulo, ina zuwa da rana tsaka?" Ya ce, "Gida." Ba taro, ba jawabi, ba ko kujerar da aka jera. Injin yanka bai ma tsaya ba.

Washegari da sassafe matarsa ta same shi ya saka takalmin aiki yana tsaye a tsakar gida. Ta ce, "Malam, ina kuma za ka?" Ya dubi ƙafarsa kamar ta wani. Ta ce, "Cire ka zauna. Ƙafar gadon nan ta daɗe tana kuka, tun da kake gyaran na duniya ba ka taɓa duba ta ba." Ta juya ta shiga ɗaki, don kada ya ga fuskarta.

Da ma a ce zan iya gaya muku rumfar ta gane kurenta. Ina! Ciniki ma ƙaruwa ya yi. Manoma suka dawo suna yabo. Yanzu haro ba ya dawowa da giɓi, a lanƙwashe yake dawowa kamar bayan tsohuwa, a kwantar da shi a hura masa wuta a miƙe shi, wannan ma ya zama wata sana'ar. Mai haron kuma ba ya zagin kowa. Sai ya girgiza kai ya ce ƙasar bana ta yi duwatsu. Mai yin daidai ya sha zagi rabin rayuwarsa, mai yin akasi ko hararar kirki bai samu ba.

Kai ne ƙaramin ƙarfe mai tare babbar masifa. Kai ne ka yarda a ce ba ka iya ba, don wani ya koma gida da ƙafafunsa. Ka zaɓi ka bar teburinka da ka sa hannu a abin da zuciyarka ta ƙi, alhali ba ka da wata gona ko wani shago da ke jiranka. Mun gode, Baba. A madadin direbobin da ba su san an yi musu komai ba, da matansu da 'ya'yansu, mun gode. Allah ya saka, ya ba hannun nan hutu mai daɗi.

Ku kuma masu riƙe da sifana a yau, kowace irin sana'a kuke, akwai ranar da za a ajiye muku kwali a kan tebur. Ku tuna an taɓa yin wanda ya ce a'a cikin ladabi. Sauran jama'a kuwa, mutumin nan yana nan da ransa, da yamma yakan zauna a bakin ƙofarsa, hannayensa a kan gwiwa ba su san inda za su sa kansu ba. Kada ku jira ranar da za a taru ana cewa Allah sarki, mutumin kirki ne. Da kunnensa ya ji zagin. Ku je ku faɗa masa godiyar tun kunnen yana ji.