Ranar da zanena ya hau bayan motar Kawu

Shekarun baya, lokacin ina zaman jiran sakamakon sakandare a Rano, abokina ya dawo daga Kano da wata 'yar na'urar gem ta riƙewa a hannu, mai buɗewa kamar gwangwanin hoda. 'Yar gwanjo ce, duk ta sha jiki. Shi tseren mota kawai yake bugawa. Ni kuwa ina lalube sai na faɗa cikin wata manhajar zane. Ka zaro ɗan tsinken roba daga gefe, ka zaɓi launi, ka goga a allo, sai ga fenti ya zauna. In ka ɓata, ka danna ya koma yadda yake. Wallahi ranar har tuwona ya huce ban sani ba.

Aron yini ɗaya ya koma na watanni. Ragon mahaifiyata na fara zanawa. Da na nuna mata, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To, karen waye wannan?" Ban karaya ba. A hankali hannuna ya faɗa, har na zana duwatsun bayan garinmu, da gonar dawa a gindinsu, rana tana faɗuwa.

A daminar shekarar kawuna, direba mai ɗaukar hatsi daga Kibiya da Fammar zuwa Kano, ya samu motar kansa bayan ya daɗe yana tuƙa ta wasu. Ya zo gaida mahaifiyata, ya leƙo abin da nake yi.

"Kai ka yi wannan?"

"Ni ne, Kawu."

"Kowa zaki, kowa mikiya. Ni garinmu nake so a bayan motata. Shirya, gobe mu je Kano wajen mai fenti."

Murna ta sa na bi layi ina faɗa wa duk wanda na gani, har da waɗanda ba su tambaye ni ba.

Mai fentin dattijo ne mai fara'a, a wani gareji yake aiki. Ya ɗora tabarau, ya ƙura wa allon ido, ya ce, "Ikon Allah, duk garin nan a tafin hannu?" Ya ɗauki alli ya fara kwafa a jikin katakon motar. Ya gama dutse ɗaya kenan sai 'yar fitilar gefen na'urar ta koma ja. Na laluba aljihu, babu caja, tana Rano. Aka zagaye garejin, duk cajar da aka kawo bakinta bai shiga ba. Muna kallo allon ya mutu.

Kawu ya dafe kai, don ya riga ya yi alkawarin lodi washegari. Ya ce, "Malam, in babu hali a sa zakin kawai."

Dattijon ya miƙo mini allin. "Ɗana, a cikin abin nan zanen yake ko a kanka? Hau."

Na hau kan durom. Nan babu wurin dannawa a goge, sai dai tofa yawu a tsumma. Amma da na ja layin farko, sauran suka biyo da kansu. Ina zanawa ina kiran launi, shi yana haɗa fenti, makanikai sun taru suna cewa, "Ƙara wa ranar nan girma!" Kafin la'asar garinmu ya fito ɓaro-ɓaro.

Ranar da motar ta fara fita lodi, ni da abokina muka bi ta a mashin tun daga Rano har Kibiya. Kawu yana miƙo hannu mu wuce, mun ƙi. Duk wanda muka gifta sai na nuna bayan motar na ƙwala masa, "Ni na zana!" A kasuwa wani tsoho mai sayar da gyaɗa ya tsaya yana kallo, ya ce, "Kai, ai a gindin dutsen nan na yi kiwo ina yaro."

Yanzu zane ne sana'ata, kuma na'urorin da nake aiki da su sun fi waccan nesa ba kusa ba. An yaba mini ayyuka da dama, amma babu yabon da ya shiga raina kamar maganar tsohon nan, wanda ko sanin ina tsaye a bayansa bai yi ba.