Kwamfutar da aka yi wa wankan fetur

"Kai ka kashe ta, Malam!" in ji Alhajin da nake kula wa da kwamfuta a injin shinkafarsa na Kura, yana shirin korata.

Na ciro akwatin da ke ba ta wuta, na haɗa koriyar waya da baƙa, na jona. Fankar cikinsa ko motsi, sai warin fetur.

"Alhaji, me aka zuba a nan?"

"Ɓuntu ne ya cika shi, na wanke. Haka nake wa injin ban-ruwana!"

Madalla da injiniya. Tsakani da Allah, injinan nasa ba sa mutuwa.

Aikina ya tsira. Laifin kuma ya koma kan mai fetur, wai ya yi algus.

Abin da na baro Yola dominsa ke nan. Ku masu aiki a garin mutane, an taɓa ba ku haƙuri kuwa?