Tsahiru da Wutar da Ba Ta Nuna Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban teburin Tsahiru Mai Balangu a bakin tashar Madarunfa ya san hannun nan nashi na dama. Daga wuyan hannu har gwiwa babu gashi ko ƙwaya, sumul kamar bayan tulu. Ba haka aka haife shi ba. Ni shaida ne, don taubashina ne, uwata da ubanshi ciki ɗaya suka fito, tare muka yi wankan tabki muna yara, kuma a lokacin yana da gashi kamar kowa. Wuta ce ta aske shi. Kafin ya ɗora nama sai ya naɗe hannun riga, ya miƙa hannun bisa wayar gashi, ya rufe ido, ya karkata kai kamar mai laluben tashar rediyo. Can sai ya janye, ya girgiza kai.

"Ba ta nuna ba."

Wuta fa, jama'a! Ba mangwaro ba, ba gwanda ba.

Shi a wurinshi, nama in ya faɗa kan ƙarfe dole ya yi ƙara nan take, bayanshi ya ƙame ya yi jajur, romon ya tsaya ciki. In kuwa ya kwanta shiru yana zufa, to an dafa shi ke nan. "Wanda ke son dahuwa," in ji shi, "ya tafi gidana Baraka ta sa mashi yakuwa." Baraka matarshi ce, kuma ta daɗe da hana shi kusantar murhunta, tun ranar da ya ce zai gyara mata wuta ya fasa mata tukunyar tuwo.

Ni tela ne. Rumfata na manne da tashi, zana ɗaya ta raba mu. Shekara da shekaru duk rigar da ta fita daga hannuna da ƙamshin kitse take fita. Akwai angon da ya dawo ya ce mani karnukan unguwa sun raka shi har gidan surukai. Na kai ƙara wurin Tsahiru, ya ce, "Taubashi, ai sai ka ƙara mashi kuɗin turare."

Kun tuna Rabe direba, mai motar da ke jigila zuwa Ɗan Issa? Wata rana ya cika mota taf, fasinja har bisa kaya, ya diro da gudu injin na kunne.

"Tsahiru, sa mani tsoka ɗaya, sauri nake."

Tsahiru ya miƙa hannu, ya rufe ido. "Ba ta nuna ba."

"Haba Tsahiru! Garwashi ne jajur gabanka!"

"Ja daban, zafi daban."

"Ni zan ci, ba kai ba. Sa mani haka nan!"

"Kai za ka ci, amma sunana za a kira."

Fasinja suka fara buga jikin mota. Rabe ya yi tsaki, ya rantse ba shi ba naman Madarunfa, ya ja motarshi. Ya kai mutane Ɗan Issa, ya yi lodi, ya juyo. Yunwa ba ta san rantsuwa ba, sai ga shi bayan la'asar ya dawo ya tsaya wuri guda, yana sosa ƙeya. Tsahiru ya dube shi sama da ƙasa.

"Ina ka tsaya, bawan Allah? Ta nuna har ta wuce. Sai ka jira ta gaba."

Kuma ya jira. Ni na ba shi kujera.

Duk wannan zamanin gawayin ƙirya ne, wanda maƙera ke narka ƙarfe da shi. Tsahiru bai yarda da wani gawayi ba sai shi. To, wajen shekarun nan da aka karya darajar kuɗinmu na sefa, 'yan gandun daji suka tsananta tsaron itatuwa, kuma da gaskiyarsu, don dajin ya fara zama fili. Ƙirya ta yi wuya. Sauran masu nama suka koma kara da guntayen itace, suka ci gaba da sana'arsu lafiya lau. Tsahiru ya ce shi ba zai yi wa nama shanya ba. Sai ya zauna ya yi tunani, kuma duk wanda ya san shi ya san nan ne ake shiga uku.

Ya lura ɓawon gyaɗa na nan tuli a bayan kowane gida, ba mai so. Ya kwaso buhu-buhu, ya sa aka daka, ya gauraya da garin katako daga wurin kafinta, ya kwaɓa da ruwan ƙaro, ya mulmula ƙanana ƙanana, ya shanya bisa tabarma a tsakar gida. Ya ce ya ƙera gawayin da ba a sare itace dominshi ba. In ka gan su a rana, sun yi ja-ja sun bushe, wallahi ba ka raba su da ƙuli-ƙuli.

Ranar nan sai ga mahaifin Baraka daga Gabi, dattijo mai kunya, idonshi ya fara rauni. Aka shimfiɗa mashi tabarma a inuwa, Baraka ta shiga dama mashi fura. Ina nan, na zo gaishe shi. Tsoho ya ga abu shanye kusa da shi, ya miƙa hannu, ya yi bismilla, ya jefa ɗaya a baki. Muka ji ƙarrr. Tsahiru na durƙushe nesa, kai ƙasa, kamar yadda suruki ke yi. Ba shi da bakin cewa "Baba, tofar." Ni kuwa ina da baki, amma ban ga dalilin yin gaggawa ba.

Tsoho ya tauna, ya tauna, ya haɗiye da ƙyar. Don kada ya kunyata 'yarshi sai ya ƙara ɗaukar wani. Da Baraka ta fito ya ce, "Madalla da ke, ɗiyata. Sai dai an matse man da yawa."

Baraka ta saki ludayi ta yi salati. Da muka fito zaure, Tsahiru ya jawo ni gefe, fuska a murtuke. Na ɗauka lafiyar tsohon ta dame shi.

"Taubashi," ya ce, "waɗanda suka fi bushewa ya zaɓa."

Dunƙulen nan sun kama wuta, ba laifi. Suna ci a hankali, hayaƙinsu da daɗi, sai dai zafin bai taka kara ya karya ba. Tsahiru ya miƙa hannu ya bar shi nan har ya gaji da tsayuwa. Ya ce wannan wutar mai jego ce. Ya ƙara dunƙule, hayaƙi ya ƙaru, zafi na nan inda yake. Ya yi fifita da faifai har kafaɗa ta riƙe. Da ya ga haka sai ya kife teburinshi. Ya daina yanka.

Nan dariya ta ɗan tsaya. Mutum mai iyali, damina ba ta yi kyau ba, hatsin rumbu ya yi ƙasa. Masu sayenshi suka koma wurin wani mai tsire a ɗaya gefen tasha. Baraka ta fara ƙosai a ƙofar gida don a samu na cefane. Ta same ni har rumfa, ba ta zauna ba.

"Lawali, kai ne ke iya gaya mashi magana. Mutane nama suke so, ba walƙiya ba. Ya gasa kamar kowa mana!"

Na gaya mashi. Ya saurare ni har na gama, idonshi ba a kaina ba. Ashe ƙafata yake kallo, yadda take taka keken ɗinki.

"Taubashi, kai ƙafarka ba ta gajiya?"

"Mi ya kawo maganar ƙafata?"

"Ba komi."

Bayan 'yan kwanaki sai ga shi da kaya a amalanke. Ya yanka gangar ƙarfe biyu, ya shafe cikin rabi ɗaya da laka mai kauri kamar ana ginin rumbu, ya bar ɗan rami a tsakiya inda dunƙule za su taru wuri guda. Bisa ramin, kusa ƙwarai, ya ɗora wani faifan ƙarfe mai kauri da ya roƙo wurin masu gyaran mota. Ɗaya rabin gangar ya zama murfi. Ya ce kuskurenshi a da shi ne ya bar zafi na yawo a fili kamar akuya. Yanzu zai tsare shi a ɗaki, ya hura mashi iska ta ƙasa, har ƙarfen ya sha ya ƙoshi. Maƙeri ya haɗa mashi fanka da bututu. Abin da ya rage shi ne mai juya fankar. Ya huda zanar da ta raba mu, ya zuro wata doguwar igiyar fata, ya ɗaura ta a ƙafar kekena.

"Kai dai yi ɗinkinka," ya ce. "Ba ruwanka da mu."

Na yarda. Kada ku tambaye ni dalili. Baraka ce ta tsaya mani a rai.

Ranar kasuwa ce, da hantsi. Ya ci bashin rago... a'a, kada in yi mashi ƙarya, tunkiyar Baraka ce ya lallashe ta ya yanka, ita kaɗai ta rage masu. Ya yanyanka tsoka, ya goge kowace da ƙyalle har ta bushe, ya ce jiƙaƙƙen nama shi ke sanyaya ƙarfe. Ya cika rami da dunƙule, ya sa wuta, ya rufe murfi. Ni kuma ina ɗinka wa wani malamin lakwal, wato makarantar boko, babbar riga ta shadda.

"Taka!"

Na taka. Ganga ta fara gurnani.

"Ƙara!"

Na ƙara. Ɗinki na tafiya kamar mota ta tsinke birki, ban san inda layin ya nufa ba. Mutane suka taru. Gurnani ya koma huci, gefen murfi ya fara canza launi, har wani tsoho ya ja jikanshi baya.

"Tsahiru, ya isa haka!"

"Taka, malalaci! Ubana ya ce uwarka ma haka take!"

Na taka don haushi. Sai ya sa ƙugiya ya ɗaga murfin gaba ɗaya. Wutar da aka tsare ta samu ƙofa. Fuuu! Harshe guda ya tashi ya fi tsawon mutum, ya lashe mashi gira da rabin gemu, ya haye zana, ya kama rufin rumfata. Na fito da kan keke a rungume. Kasuwa ta rikice, mata na salati, samari suka sheƙo da bokitai da tuluna.

Ina Tsahiru? Ya tsaya gaban gangarshi ya baza hannuwa, gemu na hayaƙi, yana ihu:

"Rumfar za ku kashe! Rumfar! Wanda ya ɗiga mani ruwa a murhu, ni da shi har gaban alƙali!"

Ana can ana fama da rumfata, shi ya juya ya ɗauki tsoka ɗaya ya ajiye bisa faifan. Duk hayaniyar nan, sai da na ji ƙarar. Caaa! Bai bar ta ta daɗe ba ya juya ta, ya ɗauke, ya ajiye a takarda ta huta, ya barbaɗa yaji. Ya ratso cikin mutane ya same ni zaune a ƙasa, toka a kai, ya miƙo mani a bakin wuƙa.

Na so in ƙi. Na karɓa don in samu abin zagi. Bayan ya ƙame yana ƙaras-ƙaras, cikin kuwa laushi, romo ya gangaro mani har haɓa. Tun muna samari nake cin naman mutumin nan, ban taɓa cin irin wannan ba. Ya tsaya yana kallona da fuskar nan tashi ba gira, kamar ƙwai.

"Yaya?"

"Gishiri ya yi kaɗan," na ce.

Kafin azahar tunkiya ta ƙare, har Rabe direba bai samu ba. Malamin lakwal ya karɓi abin da ya rage na rigarshi, na mayar da ita 'yar shara, ya ce dama zafi ake yi. Tsahiru ya sake mani rumfa da hannunshi, sabuwar zana, sababbin dirkoki. Sai dai ya kafa ta daidai inda tsohuwar take, don igiyar ta kai. Na tsinke ta da almakashi a gabanshi. Dole ya koma juya fankar da hannun hagu. Girar ta dawo daga baya, ɗaya ta fi ɗaya.

Ya yi shekaru yana sana'arshi a haka, har ya aurar da 'ya'yanshi mata da ita. Ciwon da ya ɗauke shi bai daɗe ba. Ƙirji ne. Na je duba shi wata safiya, na tarar ya rame, muryar ta yi ƙasa. Ya kama hannuna ya ce, "Lawali, ka yafe mani." Tun muna yara bai taɓa kirana da sunana ba. Na ce sai na yi shawara. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Baraka ta kore ni.

Ranar jana'iza, bayan an dawo daga maƙabarta, aka zauna a ƙofar gida. Kun san al'ada, taubashi ko a gidan mutuwa ana barinshi ya yi tsiyarshi, don zukata su ɗan yi sauƙi. Dattawa suka riƙa kallona, suna jiran in fara. Ina da abin faɗa cike da baki. Amma sai na tashi na bar wurin, kada a ga hawayena.

Na yafe maka, ɗan kawuna, tun kafin ka tambaya. Allah Ya jiƙan Tsahiru, Ya gafarta mashi, Ya sa ya huta. Allah Ya ba Baraka haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.