Fatar da Abdulghani Ya Ɗaura

Shekara talatin Abdulghani yana gyaran takalma a unguwar Balad. Rannan maƙwabcinsa Badr, gola a wasan hoki na kan ƙanƙara, ya kawo masa manyan katifun kare ƙwauri, igiyar robar da ke haɗa su da takalmi ta tsinke. Abdulghani ya raina robar, ya sa fata, ya ɗinke tamau.

Washegari ya je kallon wasan. Badr na durƙusawa zai tare ƙwallo, idon sawunsa ya goce, ya kasa tashi.

"Ya ammi, ai dole igiyar ta riƙa miƙewa, fata kuwa ba ta miƙewa," in ji Badr a gadon asibiti, yana kiransa baffa da Larabci.

Abdulghani ya koma gida. Sati biyu bai buɗe shago ba.