Layin Tarhon Tajaye

Akwai ranar da har yanzu ba ta fita daga raina ba, ranar da na mayar wa Alhaji Sabi'u dosiyensa ban sa hannu ba.

Lokacin ina aiki a buronmu, wato ofishin kamfanin tarho na Konni, a farkon shekarun dubu biyu, kafin salula ta shiga ƙauyuka. Aikina duba takardun 'yan kwangila ne. Duk wanda zai binne wayar tarho sai ya fara kawo dosiye: zanen hanyar da wayar za ta bi, irin wayar, da zurfin ramin. In na gamsu in sa hannu, shef ɗinmu, wato shugaban ofishin, Mushe Mamman, ya buga hatimi, sannan a ci gaba da haƙa.

Alhaji Sabi'u ya samu aikin kai layi wani gari cikin ƙasar Tajaye, inda za a buɗe telesantar, wato ɗakin da mutane ke zuwa buga waya. Rabin samarin garin suna cirani, saboda haka kowa ya ƙagu. Dosiyen ya yi kyau, sai shafi guda. Inda wayar za ta ƙetare wani kwari, zanen ya nuna rami mai zurfin kamu biyu, kuma babu bututun ƙarfe. Rani ake yi, kwarin yashi ne zalla. Amma na san shi da damina, na taɓa kwashe wuni a bakinsa ina jiran ruwa ya janye.

Alhaji ya wuce ni ya shiga wurin shef. Ina jin sa yana cewa, "Mushe, yaronga naka ya cika tsanani. Mutane na jira." Mushe Mamman ya kira ni, ya sa tabarau, ya daɗe yana kallon shafin. Ya ce, "Alhaji, ruwan hwari ka ɗauke wayag ga. A koma a gyara." Ba a samun bututun kusa, sai an yi odarsa daga nesa. Aiki ya tsaya.

Da na je duba wurin, wata tsohuwa ta same ni a bakin kwarin. Inna Hajo sunanta. Ta ce, "Ɗana, kai na ka hana?" Na ce ni ne. Ta ce ɗanta Sa'idu yana Abijan shekara huɗu, saƙonsa kawai take ji a bakin mutane. "An ce mani in wayag ga ta zo, shi da kainai zan ji. Ni kuma ba ƙuruciya gare ni ba." Na fara yi mata bayanin zurfin rami, sai na ga ba shi take tambaya ba. A hanyar komawa Konni na yi ta tunanin in Allah ya ɗauki ranta kafin bututun ya iso, da wace fuska zan shiga garin nan. Na faɗa wa shef haka. Ya ce, "In ka bari ta ji shi sau ɗaya layin ya mutu, ka yi mata mi?"

Bututu ya iso bayan kusan wata biyu. Aka haƙa yadda ya kamata, na auna da kaina, na sa hannu.

Ranar buɗewa Inna Hajo ta aiko a kira ni, wai ni zan riƙe mata. Mai telesantar ya buga lambar wani shago a Abijan, aka je aka nemo Sa'idu. Na kara mata kan tarhon a kunne. Layin tas, ba ko ƙara. Ta kasa kunne. Can ta ce, "Sa'idu, muryakka ta yi kauri." Na fita waje na tsaya.

Layin ya ci damina biyar ko shida bai yanke ba, sannan salula ta zo aka daina zuwa. Bara na bi ta garin, ɗakin ya zama wurin ajiye wake. Mushe Mamman ya rasu, Inna Hajo ma haka. Sa'idu ya dawo gida, amma bai san ni ba, ni ma ban gabatar da kaina ba.

Ku da kuke duba dosiye yanzu a kan allo, aikinku ya fi namu sauri. Abin da nake kewa shi ne lokacin da nake sanin fuskar wanda ke jira a ƙarshen waya. In shafi ya ba ku shakka, ku je wurin da ƙafarku, ku tsaya ku ji mai jin haushinku. Shi ne wanda kuke yi wa aikin.